Dusar Awakin Hajiya Ladi

Shekara talatin da biyu na yi ina aikin jinya, kuma na manta da fuskoki da yawa, amma ranar da matar wani mahauci ta shigo ofishina ta dire mini takardata a kan tebur ba ta taɓa fita daga raina ba. Tunda ku ne za ku riƙe sashen nan na ba da shawara kan abinci yanzu, ku gyara zama in ba ku labarin, don kada wani cikinku ya maimaita wautar da na tafka.

Ga waɗanda ba su san yadda muke aiki a lokacin ba, ɗaki ne guda a ƙarshen baranda, kusa da tagar karɓar magani. Ni ce nas mai kula da shi, ina ƙarƙashin Matiron, wato shugabar ma'aikatan jinya ta asibitin gaba ɗaya. Duk ranar Laraba ake turo mini masu ciwon suga da masu hawan jini da duk wanda likita ya ce a zauna da shi a kan abin da yake ci. Tsarin ba shi da wuya. In karɓi kati, in ɗora mutum a sikeli, in auna jininsa, in tambaye shi abin da ya ci jiya, in yi masa bayani, in miƙa masa takarda mai jerin abinci, sannan in rubuta masa ranar dawowa bayan wata guda. Takardar nan ni na tsara ta da hannuna, gefe ɗaya Hausa gefe ɗaya Turanci, kuma ina ji da ita ba kaɗan ba. Sista Kwanye ake kirana, 'yar Michika ce ni, kuma duk wanda ya yi aiki da ni zai gaya muku ina da baki.

Saura shekara huɗu in yi ritaya, wata Laraba cikin damina, aka turo mini Alhaji Ɗanlami. Mahauci ne daga Sabon Layi, kakansa ne ya zo nan Mubi daga wajen Katsina da wuƙarsa, su kuma suka gaji sana'ar. Mutum ne mai jiki, ya haura hamsin, mai fara'a, irin wanda kafin ya zauna ya riga ya gaishe da kowa a kan benci har da jariran da ke goye. Ya miƙo mini wasiƙar likitan Yola da hannu biyu.

Abin da ke cikin wasiƙar shi ne wannan. Ya fi shekara yana ganin jini in ya zaga, ya ɗauka basir ne, ya yi ta shan jiƙe-jiƙe. Da likitanmu ya ji cewa yayansa, Garba, sankarar hanji ce ta kashe shi, sai ya tura shi Yola a leƙa cikin babban hanjinsa da wata siririyar na'ura mai kyamara, wadda ake zurawa ta dubura. Can aka tarar da tsiro guda uku a jikin bangon hanjin, ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa, aka cire su nan take. An gwada, ba su zama sankara ba tukuna. Amma irinsu ne in aka bar su shekaru suke rikiɗa su zama ita, kuma wanda suka taɓa fito masa suna iya sake fitowa. Likita ya rubuta ya dawo a sake leƙawa bayan shekara uku, kafin nan kuma a gyara masa cin abinci. Wannan gyaran shi ne aikina.

Na buɗe baki na yi masa karatu. Na ce ya yawaita wake da gurjiya, da ganye irin su zogale da rama da alayyafo da yakuwa, da kuɓewa da kabewa. Na ce tuwo a niƙa hatsin da dusarsa, kada a surfe shi ya koma fari tas, don dusar nan ita ke taimaka wa hanji ya riƙa tura ƙazanta waje a kan kari. Na ce gwanda da gwaiba da lemo da yalo kada su yanke a gidansa, ya sha nono, ya sha ruwa sosai, ya riƙa takawa da ƙafa don tumbin ya sauka. Sigari da giya dama ba ya taɓawa. Sai na zo kan jan nama: na shanu, na rago, na akuya, musamman tsire da balangun da wuta ta babbake, da kilishi, da kitse. Na ce waɗannan a rage su ƙwarai, kifi da kaza su maye gurbinsu.

Ya dube ni ya tuntsire da dariya har hularsa ta karkace.

"Sista, kin san wa kike gaya wa haka kuwa? Ni fa tun ban yi haƙori ba ake tsotsa mini tsoka."

"Ban ce ka bari ba, Alhaji. Cewa na yi ka rage."

"To, Allah ya ba mu ikon yi."

Ya ninke takardar gida huɗu, ya cire hula ya sa ta ciki, ya mayar da hular kansa. Washegari sai ga hanta sabuwar yanka a ƙunshe, wai ga tukuicin Sista. Na mayar masa, na aika a ce masa mu ba ma karɓa, kuma ko muna karɓa, ai ba ranar da na gama yi masa wa'azin nama ba.

Bayan wata guda ya dawo. Sikeli ya nuna ya ƙaru. Na ce, "Me ka ci jiya?" Ya ce tuwo. Na ce da wace miya? Ya ce, "Miya dai, Sista." Na sake karanta masa takardar daga sama har ƙasa, yana ta gyaɗa kai. Wata na biyu ya ƙara nauyi, ga shi yana kukan sai ya kwana uku bai zaga ba. Wata na uku da ya hau sikeli, allurar ta wuce inda ta tsaya a baya, ni kuma raina ya ɓaci. Ranar mutane sun cika benci, ƙofa a buɗe take, ban ko rage murya ba. Na ce, "Alhaji, kai ba yaro ba ne. Wata uku ina magana kamar da bango nake yi. So kake ka bi yayanka Garba?"

Fara'ar nan ta ɗauke daga fuskarsa ɗif. Ya sa takalmansa, ya ce, "Na gode, Sista," ya fita. Ni kuma na ɗauki jan biro na rubuta a katinsa cewa ba ya bin shawara, har na ja layi biyu a ƙarƙashi. Allah ya sani, a lokacin gani nake na yi aikina.

Kwana tara bayan haka, ranar ma ba Laraba ba ce, ina cike rajista sai wata mata ta yi sallama. Gajeriya ce, siririya, da mayafi ruwan toka. Ba ta jira na ce ta zauna ba. Ta buɗe jaka ta ciro takardata, ta yi laushi, duk gumin hula ya yi mata zobe, ta dire ta a gabana.

"Ke ce Sista Kwanye? Ni ce Ladi, matar Alhaji Ɗanlami. Ke kika ce wa maigidana zai bi yayansa?"

Na ce ni ce, na fara shirin kare kaina. Ta ɗaga mini hannu.

"Kwana tara ke nan ba ya dariya. In ya shigo gida sai ya zauna ya yi tagumi. Shekaranjiya na ɗauki hularsa zan wanke na tarar da wannan a ciki. Na yi firamare, Sista, ina karatu. Na karanta ta sau uku. Duk abin da kika jera a layin da kika ce a yawaita, abincinmu ne na mata da rana, saura kuma na awakina ne. Duk abin da kika ce a rage, shi nake ɗura masa tun ranar da muka dawo daga Yola. To ki gaya mini, wa kika zaga? Shi ko ni?"

Kunya ta rufe ni. Na jawo mata kujera, na tura ƙofa, na ce Hajiya don Allah zauna ki ba ni labari.

Ta ce da suka dawo daga Yola, ita abin da ta sani shi ne an yi wa mijinta aiki a ciki kuma ya zubar da jini. A gidansu, mai jinya abinci mai laushi ake ba shi da nama don ya mayar da jini. Saboda haka masarar tuwonsa da kanta take surfawa, ta wanke, ta kai niƙa, ta tankaɗe sau uku da rariyar laushi har garin ya koma kamar hoda. Dusar kuwa ta zuba wa awaki. Safe farfesun kayan ciki, rana dambun nama, ga shayi mai kauri da farin burodi. Shi kuma yana ganin yadda take tashi tun asuba tana wannan wahala saboda shi, sai ya kasa buɗe baki ya ce mata ba haka aka ce ba. Shi ya sa takardar ta yi wata uku a hula.

Na ce to ai abin ya zo da sauƙi, yanzu da ta gani sai ta canza. Ta dube ni irin kallon da ake yi wa baƙo.

"Na safe da na rana a hannuna suke, zan canza. Na yamma fa? Ai ciyayya suke yi."

Mu a gida Michika ma ana haɗuwa a ci, amma ban taɓa kawo abin a raina a wurin aiki ba. Ta yi mini bayani. Gidaje biyar ne a layinsu. Kullum bayan sallar magariba magidanta biyar ɗin suna zama a kan tabarma a ƙofar gidan babbansu, wani tsohon tela da ake kira Baba Inuwa. Kowane gida ya fito da kwanonsa, a jera, a buɗe ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sa hannu. Tun iyayensu ake yin haka. Kuma kowane kwano an san na gidan wa ne. Nata, kwanon matar mahauci, shekara ashirin da wani abu ba a taɓa buɗe shi an ga nama bai rufe miya ba.

"Ranar da na aika da faten wake da rama wurin nan, Sista, kafin gari ya waye an ce ko Alhaji ya karye, ko Ladi ta daina son mijinta. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu, tun da suka ji an yi masa aiki, duk gidajen nan huɗu suka ƙara nama a miyarsu saboda shi. Baba Inuwa da hannunsa yake tsamo tsoka yana turawa gabansa, yana cewa ci ka mayar da jiki. Ta yaya zai ce wa dattijo a'a?"

Na ce ai sai ya gaya musu abin da likita ya ce. Ta sunkuyar da kai, ta rage murya.

"In ya faɗi ciwon, za su tambayi yadda aka gano. Shi kuma ya gwammace komai da a san ta inda aka zura masa abin nan."

Da ta tafi na ɗauki katin na nufi ofishin Matiron. Ƙa'ida ce, nas ba ta zuwa gidan majinyaci da sunan aiki sai da izininta, kuma sai an rubuta a littafin fita. Matiron ɗinmu a lokacin dattijuwa ce mai sanyin magana, ba ta ɗaga murya, amma in ta cire tabarau ka san ka shiga uku. Ta karanta jan rubutuna, ta cire tabarau.

"Kwanye, kin tambaye shi wa ke dafa masa?"

"A'a, Ma."

"Kin tambaye shi da wa yake ci?"

"A'a, Ma."

"To wane ne bai bi shawara ba? Je ki. Amma ki tuna, sirrinsa nasa ne. Ko da wasa kada bakin nan naki ya faɗa wa maƙwabtansa abin da bai ba ki izini ba."

Washegari bayan la'asar na hau Keke Napep zuwa Sabon Layi, an yi ruwa, layin duk caɓi. Na tarar da Hajiya Ladi a tsakar gida da mata biyu na maƙwabta, sun sa kwano a tsakiya suna cin kwaɗon zogale da ƙuli da tumatir da albasa. A gefe ga awaki huɗu sun dulmuya baki cikin kwatanniyar dusa, sun yi ɓul-ɓul, gashinsu har sheƙi yake yi. Hajiya ta so ta ɓoye kwaɗon ta kawo mini abincin baƙi. Na ce ina! Na wanke hannu na tsugunna na ci da su, har na suɗe yatsa. Da matan suka tafi na nuna mata kwanon na nuna mata kwatanniyar, na ce, "Hajiya, duk gidan nan ke da awaki ne kuke bin takardata." Ta yi dariya har da riƙe ciki, ita ce dariyar farko da na gani a fuskarta.

Can sai ga Alhaji ya dawo daga kasuwa. Da ya gan ni ya tsaya turus a bakin zaure. Ban jira ya gaishe ni ba. Na ce, "Alhaji, na zo neman gafara ne. Na ambaci mamacinka a gaban mutane, na yi maka faɗa a kan abin da ban tambaya ba. Ban kyauta ba."

Ya sunkuyar da kai. Sai ya ce, "Ba faɗan ne ya dame ni ba, Sista. Gaskiyar ce. Ni na yi jinyar Yaya Garba. Mutum mai ƙiba kamar ni, ya koma ina ɗaga shi da hannu ɗaya in juya shi. Kullum in Baba Inuwa ya turo mini tsokar nan, shi nake gani, kuma in ɗauka in ci."

Hajiya ta juya baya tana goge ido da bakin zane.

Na gaya masa gaskiya yadda take. Nama ba guba ba ne, kuma ba wanda zai rantse masa cewa in ya ci wake tsiron ba zai dawo ba. Amma abin da ke hannunsa ke nan, shi da komawa gwaji a kan lokaci, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Na ce ni ba zan ce wa kowa komai ba, ba ni da wannan ikon. In yana so a gyara tabarmar nan, shi ne zai yi magana, kuma ba sai da mutum huɗu ba, mutum ɗaya ya isa.

"Baba Inuwa," in ji Hajiya.

Alhaji ya cire hula ya shafa kai ya mayar. Ya ce, "To ki raka ni. In na kasa, ki ƙarasa. Na ba ki izini."

Muka tarar da tsohon a zaurensa a gaban keken ɗinki, tabarau a kan hanci, yana fama da zare. Bayan gaisuwa Alhaji ya durƙusa ya fara, yana yi yana tsayawa. Ya faɗi jinin, ya faɗi tsiron, ya faɗi abin da likita ya ce game da nama. Da ya zo kan yadda aka yi gwajin sai ya tsaya, ya dube ni. Kafin in buɗe baki Baba Inuwa ya riga ni.

"Ta ƙasa aka leƙa, ko? To sai me? Da ta kunne kake so a leƙa hanji?"

Na ƙunshe dariya da ƙyar. Amma tsohon bai yi dariya ba. Ya ajiye zaren.

"Ɗanlami, ni na wanke Garba. Ni na ɗinka likkafaninsa a kan keken nan. Wata uku ina tsamo nama ina tura maka, ina cewa a raina wannan kam ba zan bari ya rame kamar ɗan'uwansa ba. Ashe abin da aka hana ka nake tura maka, kai kuma kana karɓa kana godiya. Haba, ɗana. Wace irin kunya ce wannan?"

Hawaye ya gangaro masa cikin gemu. Alhaji ya kasa ɗaga kai. Sai tsohon ya juyo ya tambaye ni, "'Yata, me aka ce ya ci?" Na lissafa masa. Yana ji yana gyaɗa kai, da na gama ya ce, "Wannan ai abincin da aka rene mu da shi ne kafin mu waye." Ya ɗaga murya ya kira matarsa, Goggo Asabe, daga cikin gida.

Dabarar da ya yi, ni ko shekara zan yi ina tunani ba zan kawo ta ba. Bai ce a canza kwanon gidan Alhaji ba. Cewa ya yi kwanon gidansa ne zai fara. Shi ne babba, nasa ake fara buɗewa, kuma ba mai bakin da zai ce Baba Inuwa ya karye ko Goggo Asabe ba ta iya miya ba. Hajiya ta ba ni labari daga baya cewa washegari da aka buɗe kwanon sai ga tuwon dawa ja, ba surfe, da miyar kuɓewa ɗanya da wake a ciki da ɗan busasshen kifi. Mutane suka dubi juna. Tsohon ya ce, "Ni na tsufa, hanjina ya gaji da nama, haka zan riƙa ci. Ɗanlami ma likita ya ce haka ya fi masa. Wanda ke ƙaunarmu ya taya mu." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ba wanda ya tambayi ƙarin bayani. Bayan kwana biyu kwanon Hajiya Ladi ya fito da dambu da zogale. A cikin mako guda sauran gidajen suka bi, don ba macen da ke so a ce ita ce ba ta taya Baba ba.

Kada ku ɗauka abin ya tafi sumul. An yi gunaguni. Wani cikinsu ya ce an mayar da su tumaki, wani ya ce waken nan zai kore su daga sahun gaba a masallaci. Na aika a ce wa matan su riƙa jiƙa waken su zubar da ruwan, kuma a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har ciki ya saba. Baba Inuwa ya yanke cewa ranar Juma'a a ci nama, dafaffe a miya, kowa yanka biyu, da Sallah kuma ba mai sa wa kowa ido. Shi Alhaji a kasuwa ne jarabawarsa take, ga balangu na ƙamshi a ko'ina, kuma ya sha gaya mini da bakinsa cewa ya faɗi. Na daina jan biro. In ya ce ya ci tsire ranar kasuwar shanu, sai in ce to, gobe fa? Ya koma zuwa mahauta da ƙafa. A hankali allurar sikeli ta fara ja da baya, kukan rashin zagawa ya ƙare, dariyarsa ta dawo benci.

Shekara uku ta cika, lokacin komawa Yola ya yi. Ni na rubuta masa takardar turawa, na maimaita masa yadda zai sha maganin wanke ciki kwana ɗaya kafin gwajin. Ranar da suka tafi na kasa cin abincin rana. Na san abin da littafi ya ce, na san ana iya yin komai daidai tsiron ya sake fitowa, kuma na san in haka ta faru akwai gidaje biyar da za su ce Sista ta sa su cin dusa a banza. Amma ba wannan ne ya fi damuna ba. Tsohon nan nake tunawa da keken ɗinkinsa.

Ranar Laraba suka shigo tare, Alhaji a gaba, Hajiya a baya da mayafinta ruwan toka. Ba wanda ya yi murmushi. Ya cire hula, ya ciro wasiƙa daga ciki, ya miƙo mini da hannu biyu. Na buɗe, idona ya tsallake duk Turancin ya sauka a layin ƙarshe. An duba hanjin tun daga farko har ƙarshe, ba a ga komai ba. Ya dawo bayan shekara biyar.

Na ɗago kai sai na ga ashe dariya suke dannewa, sun riga sun sani tun a Yola, sun haɗa baki ne su ga yadda fuskata za ta yi. Na ce, "Kai, Alhaji, Allah ya shirye ka! Ka so ka sa mini hawan jini." Ya yi dariyar nan tasa har hula ta karkace. Ya ce Baba Inuwa ya ce a gaishe da 'yarsa, wato ni, kuma wani ƙanen shi Alhajin ma ya yarda zai je a leƙa nasa hanjin.

Da suka tashi tafiya Hajiya ta tsaya a bakin ƙofa, ta bari ya yi gaba. Ta kama hannuna ta ce, "Sista, ina da ƙara. Awakina duk sun rame. Shekara uku ke nan maigida na cinye musu dusa." Ta yi dariya, sai kuma idonta ya ciko. Ta ce, "Su rame ɗin. Shi dai yana nan."

Na koma tebur na ɗauko katinsa, na nemo shafin da na yi jan rubutu, na soke shi da layi ɗaya, na sa hannu da kwanan wata a gefe kamar yadda ƙa'ida ta ce a yi in ma'aikaci ya gyara kuskurensa.

Ba zan ce muku wake da zogale ne kaɗai suka tsare shi ba, don ban sani ba, kuma duk wanda aka taɓa cire wa tsiro dole ya koma gwaji ko me yake ci. Abin da na sani shi ne, wata uku ina yi wa mutum ɗaya magana alhali hannu biyar ne ke shiga kwanonsa, kuma duk wanda ya tura masa nama ƙauna ce ta sa shi. In kun duba katin sashen nan za ku ga layi biyu a ƙasan wurin nauyi: wa ke dafawa, da wa ake ci. Matiron ce ta sa aka ƙara su bayan wannan. Na ga wasunku suna tsallake su don sauri. Don Allah ku riƙa tambaya, kuma ku rufe ƙofa kafin ku tambaya. Ni sai da na sa wani bawan Allah ya yi kwana tara bai yi dariya ba kafin na koya.